Attaruhu da Bebiya

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Sale a cikinku ya san ba a shigarta da takalmi. Za ka tsaya a bakin ƙofa ka cire, ka kakkaɓe, ka rungume abinka a cinya, sannan ka sunkuya ka cusa kanka ciki kamar mai shiga akurki. Shi kansa mai motar ba takalmi yake tuƙi, wai totur yana son ya ji fatar mutum. Ni Ladidi, 'yar ƙanwarsa, na shekara arba'in da 'yan kai ina shiga motar nan ban taɓa samun sassauci ba, ko da na taso daga aiki a asibitinmu na Sandamu da farin takalmin da ya fi dardumar motar tsabta. Da na yi ƙorafi sai ya ce ai ba don datti ba ne, don ladabi ne.

Akwai wani jami'in kan iyaka, mai anini a kafaɗa, da ya taɓa roƙon Kawu ya rage masa hanya daga Kongolam zuwa gari. Mutumin ya ɗaga ƙafa da ƙaton takalminsa na aiki zai shiga, Kawu ya tare ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai dai bismilla, amma takalmin sai dai ya biyo wata motar." Haka bawan Allah ya zauna a gefen titi ya kwance igiya, ya iso Daura da safa mai huji a babban yatsa. Wata uku Kawu ya yi yana ba da labarin hujin nan a majalisa, kullum kuma hujin ƙara faɗi yake.

Saboda yaran da aka haifa daga baya, bari in faɗi wace ce Attaruhu. 'Yar ƙaramar mota ce ja, ƙofa biyu, kujera biyu, da dogon hanci a gaba, ga ta ƙasa-ƙasa har ka ji kamar a tabarma kake zaune. Irin motocin tsere ce na Turawan da. Wani Bature mai haƙar rijiyoyi a ƙasar Nijar ne ya zo da ita, ta mace masa a Kongolam, makanikai uku suka taɓa suka janye hannu. Baturen ya gaji ya ce duk wanda ya iya tashinta ya ɗauka. Kawu, lokacin yana saurayin bakanike mai ji da kansa, ya ari shanun huɗa biyu ya jawo ta har ƙofar gida, mutane na biye suna yi masa dariya. Wata takwas ya yi a kwance a ƙarƙashinta. Ranar da ta tashi kuwa, in ji tsohuwarmu, sai da kajin unguwa suka kwana uku ba su yi ƙwai ba. Shi ya raɗa mata suna, wai ƙarama ce, ja ce, kuma wanda ya raina ta zai yi hawaye.

To ka ji, mutum mai mata da 'ya'ya tara, da mota mai kujera biyu! Inna Abu, matarsa, ta yi mita har bakinta ya gaji, a sayar a sayi mai ɗaukar iyali. Amsarsa ɗaya ce tun tana amarya har ta yi jikoki: iyali ai suna da ƙafa. Idan biki ya tashi a Mashi, shi da wanda ya ci sa'a su tafi a Attaruhu, sauran su bi motar haya, ya riga su isa ya zauna yana tambayar me ya tsayar da su.

Sai batun tsimi. Kun san Sunday, mutumin Ibon nan mai shagon kayan mota a bakin tasha, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗin ji. Shekara talatin suna abota da Kawu, shekara talatin Kawu bai sayi sabon ƙarfe ko ɗaya a shagonsa ba. Zai je da safe ya zauna a benci, ya sa a ɗauko masa abin da yake nema, ya juya shi, ya auna da tsinken tsintsiya, ya yaba, ya mayar, ya tafi gida ya ƙera nasa. Fambel ɗin Attaruhu na injin niƙa ne. Gasket ɗinta daga hannun badukun bayan kasuwa ya fito. Rannan Sunday ya gaji ya ce masa shi ba mai saye ba ne, ɗan leƙen asiri ne. Kawu ya gyara zama ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Sunday ya ce, "Haka ne, Alhaji, amma ita zumar ma sayenta ake yi." Kawu ya yi dariya har da buga ƙafa, ya shanye shayin Sunday, ya tafi da ma'auninsa a aljihu.

Shekaru suka ja. Wata yamma na zo gaishe su, na tarar da Kawu a soro yana yi wa buhun gero sallama. Ya yi ta farko, ya yi ta biyu, ya tsaya jiran amsa, har ya fara faɗa wai yaran yanzu ba tarbiyya. Na yi dariya a lokacin, amma abin ya dame ni, don sati biyu kafin nan Attaruhu ta goge katangar maƙwabci, ya ce katangar ce ta matso. Na san in na ce mu je a duba ido ba zai je ba, sai na ce ni ce za a duba, ya kai ni. Da muka isa na tura shi kan layi.

Ashe tsohon nan yana zaune yana sauraron wanda ke gabansa yana karanta haruffan allo, ya haddace su tsaf. Da aka zo kansa ya zauna ya jero su tun daga babba har ƙaramin na ƙasa, ba gargada, ya juyo yana duba na da alfahari. Likita ya yi murmushi ya ce karatun ya yi kyau, sai dai tun kafin ya zauna an sauya allo, wannan na yanzu ma ba haruffa ba ne, zanen tsuntsu ne da kifi na yara. Sakamako ya fito, hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage kamar mai leƙe ta cikin bututu, gabansa kawai yake gani. A hanyar dawowa ya ja mini kunne kada kowa ya ji.

Ban kai magariba ba na kira Kabiru. Ni ce na kai tsegumin, ban taɓa musu ba, kuma ko yau aka sake sai na kai, don na ga abin da mota ke yi wa jikin mutum a wurin aikina. Kabiru dai kun san shi, ɗan farin Kawu, abokin wasana, mai tumbi da sanƙo. Saboda ɗan fari ne, tunda aka haife shi Kawu bai taɓa kama sunansa ba, daga "wancan" sai "Injiniya", ita ma injiniyar da ɗan murguɗa baki. Bai taɓa yaba masa a gabansa ba, ba sa haɗa ido in suna magana. A shekarar ne Kabiru ya baro Abuja ya dawo sashensa na gidan, ya buɗe harkar sola a gari. 'Yan'uwa suka zauna suka yanke shawara a karɓi makullin Attaruhu, duk inda tsoho zai je Kabiru ya kai shi a sabuwar motarsa. Shawara ta yi kyau, sai dai an rasa wanda zai faɗa wa mai makullin.

Motar Kabiru kuwa abin kallo ce. Baƙa, doguwa, tana sheƙi, ba ta shan mai, ba ta shan baƙin mai, daga solar da ya shimfiɗa a rufin gida take caji kamar waya. Ranar da ta fara zuwa Kawu ya zagaya ta sau biyu hannu a baya, sannan ya sa aka buɗe masa bonet. Ya leƙa, ya sa hannu ya lalube, bai tarar da komai ba sai sallaya da ledar albasa. Ya aika a kira masa Sunday maza. Da Sunday ya iso ya ja shi gefe ya ce masa a hankali, amma yadda duk unguwa za ta ji, an cuci yaron nan, an sayar masa da kwali, an riƙe injin. Sunday ya durƙusa ya duba ƙasa, ba salansa. Ya tambayi fulogi, babu. Kafireta, babu. Fambel, babu. Ya miƙe jikinsa a sanyaye, don ya gane in irinta suka cika gari sai dai ya koma sayar da taya, ya ce shi ma gaskiya bai ga abin so a jikinta ba. Da Kabiru ya ce ai tun ɗazu a kunne take, Kawu ya kasa kunne, ya ji tsit, ya ce to Allah ya sawwaƙe, bebiya ce. Sunan da ya bi ta ke nan.

Kawu ba yaro ba ne, ya ga take-takenmu. Kafin wani ya yi ƙarfin halin buɗe baki sai shi ya riga mu. Ya ce wa Inna Abu ta faɗa wa wancan, alhali wancan na tsaye a gabansa, cewa a fita hanyar Sandamu ranar Juma'a da sassafe, daga tsamiyar nan ta bayan gada zuwa kukar gonar liman. In Bebiya ta riga Attaruhu, ga makulli. In Attaruhu ta riga, kada ya sake jin kowa ya yi zancen idonsa. Na ce ba da ni ba, wannan ai ganganci ne. Ya ce ai dole da ni, tunda ni na fi kowa sanin abin da ba ya gani, ni zan zauna a gefe in riƙa gani masa. Ka ji fa hukuncin mai tsegumi.

Ba zan manta safiyar nan ba. Hanya fayau, ba kowa sai gero hagu da dama. Ina zaune takalmi a cinya, bakina na ta motsi da duk addu'ar da na sani. Kawu ya taka totur, Attaruhu ta yi wani gurnani da na ji shi har cikin haƙorana, warin fetur ya cika mini hanci, sitiyari na rawa a hannunsa, fuskarsa ta koma ta ɗan shekara talatin. Sunday ya saki hankici. Muka tashi da ƙara kamar za a tsaga ƙasa, ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, hannu da ƙafa na aiki tare ba wanda ke jiran wani, ni kaina na manta tsoro na fara cewa taka, Kawu, taka. Na waiga in ga inda muka baro Kabiru, ban gan shi a baya ba. Ashe yana gaba. Ban ma ga wucewarsa ba, wani ɗan baƙin ɗigo kawai na hango can kusa da kuka. Da muka isa mun tarar ya fito, ya jingina da mota, yana ɓare gyaɗa.

Kawu ya kashe mota. Can ya ce wannan ba gudu ta yi ba, ɓacewa ta yi, kuma shi bai yi alkawarin tsere da aljanu ba. Amma mutum ne mai magana ɗaya. Ya zare makulli, bai dubi ɗansa ba, ya miƙo mini ya ce in ba wancan. Sunday ne ya tuƙo Attaruhu gida, karo na farko da wani hannu ya taɓa sitiyarinta tun da ta zama ta Kawu. Kawu kuwa ya shiga Bebiya da takalminsa, har yana goga ƙasansu a darduma da gayya.

A hanya Kabiru, don neman magana, ya ɗan taka. Hular Kawu ta tashi ta faɗo mini a baya, ya saki salati da ƙarfi, sannan ya ce dama lokacin lazuminsa ne. Ya dubi allon nan mai kama da talabijin, ya nemi giya bai samu ba, ya nemi kuloci babu, ya ce wannan ko akuya mai ciki aka ɗora za ta tuƙa. A Attaruhu, in ji shi, kai da mota kuke aikin tare, ta faɗa maka abin da ke damunta, ka faɗa mata abin da kake so, in ka yi kuskure ta tona maka asiri a gaban jama'a. Wannan kuwa ɗaukarka kawai take kamar buhu. Kabiru ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, shi dai ya huta da layin gidan mai. Ni kuwa da ke baya, ga sanyi, ga kujera mai laushi, ga takalmina a ƙafata, wallahi na ji daɗin Bebiya, amma ban isa in faɗa ba.

Daga nan dariya ta ɗauke a gidan. Aka ja tamfol aka rufe Attaruhu. Kawu ya daina zuwa shagon Sunday, ya daina majalisa, daga masallaci sai dakalin ƙofar gida, ya zauna shiru yana kallon gabansa. Kabiru zai ce a zo a kai shi wuri kaza, ya ce ba inda za shi. Tuwo ya koma ana fitar da shi yadda aka kai. Cikin sati biyar wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na auna jininsa, na duba ƙirjinsa, ban ga ciwon da zan ba wa magani ba, amma ina kallo mutum yana ƙarewa. Na yi kuka a ɗakina ba sau ɗaya ba. Na tsare shi daga mutuwar titi na kawo shi ga mutuwar dakali, kuma ban san yadda zan warware ba.

A can gefe kuma Bebiya ta fara tara abokan gaba a lungu. Lungun namu kun san shi, matsattse ne, daga bakin titi zuwa ƙofar gida bai fi taku ɗari biyu ba, kuma da kunne ake zaman lafiya a cikinsa. Shekara da shekaru in Attaruhu ta karyo kwanar masu shayi, mata su janye tabarmar shanya, awaki su tashi, a kwashe yara. Ita wannan sai dai ka ji iska a ƙeyarka. Awaki suka ƙi tashi mata. Kabiru ya danna hon sau ɗaya, tsohuwa mai fura ta firgita ta kifar da ƙwarya, aka yi masa ca wai yana yi wa sa'ar kakarsa hon. Ni kaina ta ci amanata. Ina tsaye a ƙofar gida ina ba Inna Abu labarin yadda tumbin Kabiru ke riga shi shiga ɗaki, da yadda rowa ta cinye masa gashin kai, sai na ga Inna na ta ƙifta mini ido. Ashe tun farkon zancen yana bayana, gilas a sauke, yana gyaɗa kai.

Sai ranar Malam Idi Ladan. Makaho ne, kun sani, shekara talatin yana tsallaka lungun nan shi kaɗai daga gidansa zuwa masallaci, ba ɗan jagora, sanda da kunne kawai. Da la'asar ya fito, ya tsaya ya saurara kamar kullum, ya ji shiru, ya sa ƙafa, daidai lokacin Bebiya ta karyo kwana. Gaskiya a faɗe ta, motar da kanta ta taka birki kafin Kabiru ya motsa. Amma ta taɓa sandar, Malam Idi ya zauna daɓas a ƙasa, buta ta yi nata wuri, gwiwar hannunsa ta kuje. Ni na wanke ciwon, ba wani babba ba ne, sai dai dattijon yana ta cewa shi ke nan kuma, fita ta gagare shi. Ranar an makara kiran la'asar.

Washegari da hantsi Mai Unguwa ya tara dattawa a zaurensa, aka kira Kabiru, ni ma na raɓe a bakin ƙofa da sunan mai ba da bayanin ciwo. Wani ya ce a ɗaura mata ƙararrawa. Wani ya ce gwangwanaye a igiya. Wani ya ce ya riƙa ajiye ta a bakin titi ya tako da ƙafa, ai tumbin ma zai gode. Batun hon Mai Unguwa ya kashe shi tun farko, ya ce ba a unguwarsa za a riƙa yi wa dattawa tsawa da ƙarfe ba. Kabiru ya gyara murya zai yi magana ke nan sai aka ji sallama. Kawu ne, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, hula a karkace, yana taku ɗai-ɗai. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Ya gaisa da kowa a tsanake, ya jajanta wa Malam Idi, ya zauna. Ya ce shi bai zo kare kowa ba, amma tun da ya tashi ya san ko basarake ne ya zo ƙofar talaka sai ya yi sallama. Abin da ba ya iya sallama kuwa ba a korarsa, tausayinsa ake ji, a haɗa shi da mai baki ya shige masa gaba. Mai Unguwa ya tambaya wa zai shige gaban. Kafin Kawu ya amsa Malam Idi ya ɗago kai ya ce, "Ni dai muryar mota ɗaya na sani a lungun nan. Tun daga kwanar masu shayi nake jin ta, in san ko tsayawa zan yi ko wucewa. Tunda ta yi shiru ban sake tsallakawa da kwanciyar rai ba."

Na kasa haƙuri na ce a tuna da idon mai motar. Kawu ya ce lungun da ya shiga ya fita shekara hamsin, ko ramin kurege aka haƙa a ciki ƙafarsa ta sani. Mai Unguwa ya shafa gemu, sannan ya yanke: daga yau Bebiya ba ta shiga lungu, ba ta fita, sai Attaruhu na gabanta. Giya ta ɗaya kawai, kuma tayar Attaruhu kada ta hau kwalta. Kowa ya juya ga Kabiru. Na zaci zai yi gardama, don injiniya ne, ba ya rasa dabara. Sai ya sunkuyar da kai, ya sa hannu a aljihu, ya tashi ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya miƙa makulli da hannu biyu. Kawu ya karɓa yana kallon rufin zaure.

Jama'a, wanda bai ga rakiyar nan ba an yi ba shi! Safe da yamma, shekara biyu cur. Kabiru zai iso bakin titi ya tsaya ya buga waya, Inna Abu ta ɗauka, don Kawu ba ya amsa wayar wancan. Sai tsoho ya tuna bai sabunta alwala ba. Sai ya nemi hula. Sai ya fito ya tayar da Attaruhu ya bar ta ta yi ɗumi, ya lallaɓa zuwa bakin titi, ya juya, ya ɗaga hannu ta taga alamar a biyo shi. Ga 'yar jar mota a gaba tana ruri kamar za ta Agadas, alhali mai tallan kunu na wuce ta da ƙafa, ga ƙatuwar baƙar mota mai ɓacewa tana rarrafe a baya. Duk wanda ya gani a hanya sai ya tsaya sun gaisa, ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki, an samu ruwa a gona, Kabiru na baya ba damar hon, ba damar wucewa. Rannan sai da aka yi cinikin rago ta tagar Attaruhu, injiniya na jira.

Cikin wata guda Kawu ya mayar da jikinsa. Ya koma cinye tuwo yana neman ƙari, ya koma bencin Sunday da tsinkensa, Malam Idi ya koma tsallaka lungunsa. Ko kaza bai taɓa takewa ba a rakiyar nan, na sa ido sosai don in samu abin faɗa ban samu ba. A majalisa kuwa in wani baƙo ya yi kuskuren tambayar wace ta fi a cikin motocin biyu, sai Kawu ya gyara hula ya ce, "A hanyar Sandamu sau ɗaya ta wuce ni. Ni kuwa kullum sau biyu ina gabanta. Kai ka yi lissafi."

Wata ranar Alhamis da yamma ya yi rakiyarsa ta ƙarshe, ya shiga gida ya ce kansa na ciwo. Asabar da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na sami Kabiru a tsaye jikin motarsa idonsa jawur. Sai na koma ga abin da muka saba, na ce to Injiniya, yanzu sai gwangwanaye a igiya. Ya buɗe ƙofa, ya taɓa allon nan sau biyu. Sai ga Bebiya ta ɗauki wani gurnani, ƙasa-ƙasa amma sarai, har akuyar da ke kwance a gindin katanga ta miƙe. Na tsaya baki buɗe.

Ya ce dama an yi ta da murya saboda masu tafiya a ƙasa, wanda ya fara mallakarta ne ya kashe. Ranar da Malam Idi ya faɗi ya kira inda ya saye ta, suka nuna masa wurin kunnawa. Abin da ya gyara murya zai faɗa ke nan a zauren Mai Unguwa, sai ga Baba ya shigo cikin babbar riga, ya ga fuskarsa, ya haɗiye maganar. Tun daga ranar a cikin gari a kunne take, sai ya iso bakin lungu ya kashe. Rabin unguwa sun sani, har Mai Unguwa, har Malam Idi, ba wanda ya tanka. Ni kaɗai aka ɓoye wa, wai bakina ba ya riƙe ruwa.

Na ce shi Kawu fa, ya sani? Kabiru ya share fuska da hannun riga ya ce wata yamma ya manta bai kashe ba. Suka iso ƙofar gida, Baba ya kashe Attaruhu, sai ga Bebiya ita kaɗai tana ta gurnani a tsakiyar lungu. Kafin Kabiru ya kai hannu ya kashe, Baba ya fito, ya tako a hankali har jikin tagarsa, ya tsaya yana kallon wani wajen, ya ce, "Ni ban ji komai ba. Gobe ƙarfe bakwai, Kabiru."

Ya ce sau ɗaya ke nan a duniya da ya ji sunansa a bakin mahaifinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da hasken idonsa a gidan da ba a tsufa. Allah ya yafe mini sati biyar ɗin nan da na jawo masa. Kai kuwa Kabiru, ban taɓa yaba maka ba, ba kuma yau zan fara ba, amma Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa. Amin.